Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Ɗinkin Hannu da Saƙa a Unguwannin Hausawan Legas

Duk wanda ya san Agege, Idi Araba, Obalende, Mile 12 ko Alaba Rago ya san cewa a cikin gidajen hayan unguwannin nan akwai mata da dama da suka iya ɗinkin hula, da saƙa da kwarashi, da adon zanen gado da na rigar matashi. Matsalar ita ce kowace tana aikinta ita kaɗai a ɗakinta, tana sayen zare ɗai-ɗai da tsada, sannan idan ta gama sai ta sallama wa dillalin da ya fara yi mata sallama, a kan kuɗin da shi ya ga dama. Ƙungiyar ɗinki tana rage wannan asara, tana kuma ba wa matar da aure ko neman abinci ya kawo Kudu wurin da za ta zauna da 'yan uwa sau ɗaya a mako. Sai dai ƙungiyoyin da suke ɗorewa su ne waɗanda suka fara da tsayar da ranar zama da rubuta kowane kwabo, suka bar maganar karɓar aikin mutane sai bayan hannayen membobi sun daidaita. Waɗanda suka fara da neman ciniki tun ranar farko yawanci a kan rigimar kuɗi suke watsewa.

Mutanen farko da wurin zama

Ku fara da mutum shida zuwa goma waɗanda za su iya zuwa wurin zama da ƙafa ko da Keke Napep ɗaya. Wannan sharaɗi ya fi muhimmanci a Legas fiye da ko'ina, domin matar da sai ta shiga danfo biyu, wato motocin haya na Legas, ta kuma ratsa gosulon Oshodi kafin ta iso za ta zo sau biyu ko uku cikin ɗoki, daga nan sai uzuri ya fara yawa. Idan akwai masu sha'awa a wata unguwa mai nisa, ya fi kyau su kafa tasu, ku riƙa ziyartar juna lokaci zuwa lokaci.

A cikin mutanen farko ana buƙatar aƙalla mace ɗaya da hannunta ya faɗa sosai, wadda sauran za su yarda ta ce musu su warware aiki ba tare da sun ji haushi ba. Ana kuma buƙatar wadda ta iya rubutu da lissafi, sannan yana da amfani ƙwarai a samu haifaffiyar Legas. Zaman Hausawa a Agege ya daɗe, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, saboda haka akwai gidajen da kakanninsu ma a nan aka haife su, kuma matansu suna jin Yarbanci kamar Hausa. Irin wannan ita za ku sa gaba ranar shiga kasuwa, domin farashin da ake faɗa wa mai gaisuwa da Yarbanci daban yake da wanda ake faɗa wa baƙuwa.

Ɗakin haya guda ba ya ɗaukar mutum goma da kayan aikinsu, kuma taro kowane mako a tsakar gidan da ake zaune da maƙwabta da yawa yana iya jawo ƙorafi. Mafita mafi sauƙi ita ce ku nemi izinin amfani da aji ɗaya na makarantar Islamiyya a ranar da ba a karatu, wato yawanci Alhamis ko Juma'a, ko kuma barandar wani gida mai fili. Ku bi ta hannun shugaban makarantar ko limamin unguwa, kuma yana da kyau mai unguwa ko wakilin Sarkin Hausawan yankin ya san da zamanku tun farko. Kowace memba mai aure ta yi magana da maigidanta a kan rana da lokaci kafin a rubuta sunanta, domin hakan yana kashe fitinar da kan taso bayan an yi nisa.

Abin da za ku fi dubawa a wurin shi ne haske. Ɗinkin hannu aikin ido ne, kuma ba a dogara da wutar lantarki a wannan gari, don haka ku zaɓi ɗaki mai tagogi, ku kuma tsayar da zama daga bayan Azahar zuwa kafin Magariba, tare da tashi a yi sallar La'asar. Fitila mai caji ɗaya ko biyu ta isa ranar da hadari ya rufe gari. Ranar zaman kuwa, da zarar an tsayar da ita kada a riƙa ɗaga ta saboda bikin wance ko tafiyar wance; ko mutum uku ne suka zo, a shimfiɗa tabarma a yi aiki.

Sayen kaya da adana su

Kasuwar Balogun da Idumota a tsibirin Legas su ne manyan wuraren yadi da kayan ɗinki, sai Oshodi da Tejuosho a Yaba ga wanda bai son tsallaka gada. Jirgin ƙasan cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, abin da ya sauƙaƙa wa mutanen Agege wannan zirga-zirga. Ku tuna cewa safiyar Alhamis lokacin tsaftar kasuwanni ne a Legas, shaguna ba sa buɗewa da wuri, don haka kada ku yi sammako a banza. Mutum biyu su je da jerin abin da kowa ke buƙata, su sayo a sari, su karɓo rasit.

Kayan farko ba su da yawa: allurai masu girma daban-daban, ƙananan almakashi masu kaifi, farin yadin auduga na koyo, zare, kwarashi, tef ɗin awo, da zoben katako ko na roba da ake ɗame yadi a cikinsa. Masu ɗinkin hula da babbar riga a Arewa sun saba riƙe ƙyalle a hannu ba tare da wannan zobe ba, amma ga mai koyon adon zanen gado yana hana yadin tattarewa. A lambar allurar ado, gwargwadon girman lambar gwargwadon sirantar allurar. Zaren auduga irin na DMC da Anchor yana zuwa da sili shida a murɗe, kuma ana raba shi ne a ɗauki biyu ko uku gwargwadon laushin aikin. Kowane launi yana da lambarsa a jikin takardar, kuma wajibi ne a rubuta lambar a littafi, domin idan zare ya ƙare a tsakiyar aiki, ido kaɗai ba zai gane irinsa a kasuwa ba, sai an kawo gida a ga bambancin.

Kasuwa cike take da zare na jabu, kuma ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba. Kafin ku saka sabon zare a aiki, ku yanki ɗan guntu ku jiƙa shi, ku matse shi a cikin farin ƙyalle. Idan ya bar launi, ku ware shi don koyo kawai. Haka nan yadin auduga a wanke shi a goge kafin a zana masa komai, saboda yana ɗan tsukewa a wankin farko.

Wadda ta taso a Kano ko Sakkwato ba ta saba tunanin laima ba, wato danshin da ke cikin iska, amma a Legas ita ce babbar abokiyar gabar kayan ɗinki, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Allurar da aka bari soke a jikin farin yadi kwana kaɗan za ta yi tsatsa ta bar tabon da ba ya fita, yadin da aka naɗe da ɗan danshi kuma zai yi funfuna. Ku sayi robar ajiya mai murfi mai kamawa, ku ɗora ta a kan benci ko kanta maimakon daɓe, ku jefa ƙananan ƙunshin busar da danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, kuma a cire allura daga aiki a duk ƙarshen zama. A ƙirga allurai kafin a tashi, tunda mata suna zuwa da yara masu rarrafe, kuma ajin da kuka ara gobe ɗalibai za su zauna a cikinsa.

Yadda ake koyarwa

Sabuwar memba kan zo da burin ta ɗinka wa maigidanta hula kafin Sallah, kuma aikin malama ne ta rarrashe ta ta fara da ƙyallen koyo. Da farko ta koyi yanke zare daidai tsawon kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa, domin wanda ya fi haka yana sarƙewa yana kuma tsufa kafin a gama da shi. Daga nan ta ja miƙaƙƙen layi da ɗinki mai komawa baya, sai ɗinki mai kama da sarƙa, sai cike fili da zare jere a jere ba tare da yadin ya leƙo ba, sannan a ƙarshe ta koyi huda ƙaramin rami ta zagaye bakinsa da zare, wanda shi ne ginshiƙin adon huluna da yawa. Kada a wuce mataki sai layi goma sun fito iri ɗaya.

Malamar da ta san aiki ba fuskar ƙyalle take fara dubawa ba. Za ku ga ta karɓa, ta juya bayansa, ta bi shi da babban yatsa tana neman ƙulli da zaren da ya yi tsalle daga wannan fure zuwa wancan, sannan ta ɗaga shi ga taga ta ga ko yadin ya tattare. Idan ta ce, "'Yata, warware daga nan zuwa nan, kin ja zaren da ƙarfi," amsar da ta dace ita ce, "To, Hajiya," a ɗauki allura a fara zarewa. Ya kamata a faɗa wa kowa tun ranar shiga cewa warwara wani ɓangare ne na koyo, kuma malamar ita ma ta kiyaye, ta yi gyara a hankali ba tare da ta ɗaga aikin mutum tana nuna wa jama'a ba.

Game da hula, yana da kyau membobi su san cewa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai zayyana ne ke zana ado a kan farin ƙyalle, mai ɗinki ta cike jikin hular da kanta daban-daban, a haɗa su, sannan mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan katako mai siffar kai har ta bushe ta tsaya. A Legas zayyana da wanki galibi suna hannun maza ne da ke zaune kusa da masallatai da kasuwannin Hausawa, don haka ƙungiya ta nemi mai zayyana ɗaya da mai wanki ɗaya masu amana, ta yi yarjejeniyar farashi da su. Awon kai da inci ake yin sa, shi ya sa ake cewa lamba 22 ko 23, kuma a auna kan mai hular da tef maimakon a dogara da abin da ya faɗa ta waya, domin rabin inci ya isa ya ɓata aikin makonni.

Adon babbar riga kuwa, irin su aska biyu, aska takwas, tambari da gidan biyar, asalinsa sana'ar maza ce, kuma malamai da almajirai sun daɗe suna rayuwa da ita, ana yin mafi tsadarsa da zaren tsamiya. A birnin Zariya mata sun shiga wannan aiki daga cikin gidajensu har suka yi suna a kansa, saboda haka babu abin da zai hana ƙungiyar Legas ta kai can. A ganina dai bai kamata a taɓa shaddar mutum ba sai bayan shekara guda ana zama, domin kuskure a kan gezna mai tsada yana iya cinye duk abin da ke asusu. Kafin lokacin, hular jarirai da safarsu, rigar matashi, zanen gadon amarya, murfin kwano da adon bakin mayafi sun isa su riƙe hannu, kuma suna da masu saye a kowane suna da biki.

Wadda ta haura shekara 40 ta ga ramin allura ya fara yi mata wuya, ta je a auna idonta a ba ta tabarau, kada ta yi ta matse ido. Kowa kuma ya riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa saboda ciwon baya da wuya.

Kuɗi

A nan ne ya kamata a fi tsaurara doka, ko da kuwa membobin duk 'yan gida ɗaya ne. A zaɓi shugaba, sakatariya da ma'aji, kuma kada mutum ɗaya ya haɗa biyu daga cikin waɗannan muƙamai. A tsayar da kuɗin mako daidai ƙarfin mafi ƙarancin hali a cikinku, a rubuta shi a littafi mai bango mai ƙarfi, kowace ta sa hannu ko ta dangwala a gaban sunanta, sannan a ƙarshen kowane wata sakatariya ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Idan an turo kuɗi ta waya, a rubuta shi a littafin a ranar, domin saƙon waya yana ɓacewa ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta a tasha.

Kusan duk inda mata suka taru maganar adashi za ta taso, kuma babu laifi a yi shi, amma a ba shi littafinsa daban da uwar adashinsa daban. Kuɗin zare kuɗin zare ne, kuɗin gudummawar biki da rasuwa su ma asusunsu daban. Ranar da aka ranci kuɗin kayan aiki aka cike wa wata kwasar adashinta da niyyar za a mayar, daga ranar lissafi ya fara rikicewa, kuma ma'ajin da ba ta ci ko sisi ba ita za a fara zargi.

Idan lokacin karɓar aiki ya yi, a yanke farashi da lissafi maimakon kunya. A haɗa kuɗin yadi, zare, zayyana, wanki da na mota, a ƙara ladan hannu gwargwadon kwanakin da aikin zai ci, sannan a ware wani kaso, misali ɗaya cikin goma, ya shiga asusun ƙungiya. A karɓi kafin alƙalami da zai biya kayan aiki gaba ɗaya kafin a sa almakashi, a rubuta launi, awo da ranar karɓa, mai aikin ya ga rubutun da idonsa. Za a samu wanda zai ce ai a shagon surfani da kwamfuta ana yi masa a yini ɗaya da rabin wannan kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Ba a gasar sauri ko araha da inji. Wanda yake neman aikin hannu ya san abin da ya sa yake nemansa, kuma shi ne abokin cinikinku. Aikin da aka karɓa da sunan ƙungiya malama ce za ta raba shi gwargwadon ƙwarewa, ita ce kuma za ta duba shi kafin ya fita. Memba tana da 'yancin karɓar nata aikin a gefe, amma ba da zaren ƙungiya ba.

Kalandar aiki tana bin Sallah, kuma tunda shekarar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, sai a duba ta tun farkon shekara. Hular ɗinkin hannu tana cin makonni, wata ma watanni, saboda haka a rufe karɓar aikin ƙaramar Sallah tun tsakiyar Sha'aban, domin a watan azumi girki da tafsiri suna cinye yammacin mata, kuma ƙungiyoyi da yawa kan mayar da zamansu safiya ko su taƙaita shi. Tsakanin Sallah ƙarama da babba kimanin kwana 70 ne kacal, ga shi kuma a lokacin ne wasu membobi kan tafi gida Arewa. Watan Disamba shi ma lokacin bukukuwa ne a Legas, inda ake neman kayan anko da kyaututtukan rabo.

Wajen talla, hoton da aka ɗauka a hasken rana a kan farin zane, aka sa a WhatsApp ko Instagram, ya fi dogon bayani aiki. A nemi izinin mai kaya kafin a sa hoton abin da ya biya, kuma kada a sa fuskar memba sai da yardarta. Telolin Yarabawa masu ɗinka agbada da fila, wato babbar riga da hular Yarabawa, su ma kasuwa ce, domin suna samun masu neman adon hannu, kuma sau da yawa ba su da wanda zai yi musu.

Zaman tare

Zumunci a ƙafa yake, kuma ga matar da danginta suke Katsina ko Maiduguri, ƙungiyar ce za ta fara isowa ranar haihuwa ko rasuwa. A rubuta tun farko abin da ake bayarwa na suna, na aure, na jinya da na ta'aziyya, ya zama ɗaya ga kowa, domin kada a ce an fifita matar Alhaji a kan matar mai gadi. Kyautar da ta fi dacewa da irin wannan ƙungiya ita ce aikin hannunta: bargon jariri da kowace memba ta saƙa yanki ɗaya aka harhaɗa, ko zanen gado ga 'yar memba da za a kai ɗaki. Anko kuwa kada a wajabta shi, domin yana korar masu ƙaramin ƙarfi ba tare da sun faɗi dalili ba.

Hira ita ce rabin daɗin zaman, amma a sa doka cewa ba a kawo zancen wadda ba ta wurin, kuma abin da mace ta faɗa game da gidanta a nan yake tsayawa. Dandalin WhatsApp na ƙungiya a taƙaita shi ga sanarwa da hotunan aiki. Idan saɓani ya taso tsakanin mutum biyu, shugaba da wata dattijuwa su zauna da su a keɓe kafin ranar zama. Ƙofa kuma ta kasance a buɗe ga maƙwabta Nupawa, Kanuri, Yarabawa da sauransu, Musulmi da Kirista, tunda kowace tana zuwa da salon da ta gada da kuma masu sayen da ku ba ku sani ba. 'Yan mata 'yan makaranta a ba su lokacin hutu, da sanin iyayensu, zawarawa da matan da mazansu suka rasu kuma a iya ɗauke musu kuɗin mako na watannin farko ba tare da an yi shela ba.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, idan littafi ya tsaya daidai kuma aiki ya fara yawa, sai a duba rajista. Ana iya yin ta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ko kuma a matsayin ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jihar Legas da ke kula da harkar. Rajista ce ke ba da damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ya kamata a ce sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire kuɗi. Yana da kyau kowace memba ta mallaki lambar NIN da katin zama na jihar da hukumar LASRRA ke bayarwa, domin shirye-shiryen tallafin jihar, irin na LSETF, wato asusun tallafa wa masu sana'a da samar da ayyukan yi da aka kafa a 2016, suna tambayar shaidar zama a Legas. Kafin a karɓi kowane rance a karanta sharuɗɗansa a gaban membobi duka, a tambayi malami game da kuɗin ruwa, a kuma tabbatar akwai aikin da aka riga aka karɓa wanda zai biya shi. Shugabanci kuma a sa masa wa'adi na shekara biyu a rubuce, tare da miƙa littafi da ragowar kaya a gaban shaidu ranar da sababbin shugabanni za su karɓa.